Wa Zai Rage a Rajista? Masu Nakasa da Sababbin Sharuɗɗan Tallafi a Birnin Gwari

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Birnin Gwari, daga Magajin Gari da Gayam, zuwa Kuyello da Tabanni da Kutemeshi da Dogon Dawa, har Kazage da Kakangi da Randagi. Na gona, Allah ya sa albarka. Na kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya.

Yau maganarmu a kan 'yan uwanmu masu nakasa take: makafi, guragu, kurame, waɗanda kuturta ta taɓa, da waɗanda harsashi ko ramin haƙar zinariya ya kwantar. Tun daga 2023 sharuɗɗan samun tallafin gwamnati suke ta sauyawa, hankalin mutane da yawa kuma ya tashi. A majalisa, a kasuwa, a ƙofar gidan mai unguwa, tambayoyin ba su wuce uku: sunana yana nan kuwa? Me ya sa maƙwabcina ya ji alat ni shiru? In an ce sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ni da ba ni da yatsun dangwalawa fa? Waɗannan tambayoyi ne na mai hankali, kuma su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara da abin da mutane da dama ba su sani ba. Gwamnatin tarayya ba ta da wani albashi na wata-wata da doka ta yanka wa mutum don kawai yana da nakasa. Akwai dai dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Dokar ta ba da haƙƙoƙi masu nauyi: karatu kyauta har sakandare, magani kyauta a asibitocin gwamnati ga mai lalurar ƙwaƙwalwa, kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, da gabatar da mai nakasa a kan kowa in ana bin layi. Wanda ya nuna wa mai nakasa wariya, tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun; in kamfani ne, naira miliyan 1. Ita ce ta haifi Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, wadda ta soma aiki a 2020. Jiharmu ta Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021, ta kafa hukumar kula da al'amuran masu nakasa da asusun tallafa musu.

Inda aka yi abin da ya fi kama da albashi shi ne Jigawa, lokacin da Gwamna Sule Lamido ya soma biyan masu nakasa naira 7,000 duk wata a 2007. Mu a nan, yawancin kuɗin da ya taɓa shiga hannun makaho ko gurguwa ta wata ƙofa ya biyo, wato rajistar talakawa ta ƙasa. Saboda haka duk wanda ya taɓa wannan rajista, ya taɓa tukunyar mai nakasa, ko da bai ambaci nakasa ba.

(KIƊA KAƊAN)

MAI GABATARWA: Yaya aka gina rajistar tun asali? A 2016 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 500 domin shirin tallafa wa talakawa da gina rajistarsu, daga baya aka haɗa da kusan dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Jami'ai kan zo gari su tara jama'a kashi uku, maza daban, mata daban, matasa daban. Kowane kashi ya faɗi abin da yake nufi da talaka a garinsu, ya lissafo gidajen da suka fi kowa shan wuya, sannan a haɗa jerin sunayen wuri guda. Bayan nan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida da 'yar na'urarsu suna tambaya: mutum nawa ne a gidan, rufin ɗaki na ciyawa ne ko na kwano, ina ake ɗebo ruwa, me aka mallaka. A wancan lokacin, gidan da ya dace yakan samu naira 5,000 a wata, ana biya 10,000 duk bayan wata biyu, kuɗi hannu, kuma galibi uwar gida ce ke karɓa.

Ku lura da abin da ya shigar da mutum a wancan tsari: shaidar mutanen garinsu. Tsohuwa makauniya ba ta da kati, ba ta da waya, ba ta taɓa taka banki ba, amma kowa a gari ya san ta, ya san wace jika ce ke riƙe mata sanda. Wannan sani shi ne takardarta.

Sai abubuwa suka soma juyawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur. A watan Yulin shekarar, Majalisar Tattalin Arziƙi ta Ƙasa, inda gwamnoni ke zama, ta ce ba ta gamsu da sahihancin tsohuwar rajistar ba, ta nemi jihohi su tsara tasu. A watan Oktoba Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da sabon tallafi: naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. A watan Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, aka kuma tsayar da shirye-shiryen domin bincike. Da aka dawo da biyan, sai aka zo da sharaɗi mai tsauri: sai an tantance mutum da lambar NIN, kuɗin kuma ta asusun banki ko ta asusun waya zai shiga. An bar raba kuɗi a fili.

Mu faɗi gaskiya, gwamnati tana da hujja. Duk inda ake raba kuɗi da hannu, sunayen bogi kan shiga, 'yan siyasa kan cusa nasu, wani kan karɓa da sunan mamaci. Kowane sunan bogi kuwa abincin wani mabuƙaci ne aka ɗauke. Babu mai nakasar da zai ƙi a kori ɓarawo daga rajista. Amma duk macen da ta taɓa sheƙe hatsi ta san in iska ta yi ƙarfi, ba ƙaiƙayi kaɗai take kwashewa ba, har da tsabar da ba ta da nauyi. Fargabar 'yan uwanmu ke nan.

(KIƊA KAƊAN)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan masu nakasa da sababbin sharuɗɗan tallafi. Me ya sa abin ya fi cizo a Birnin Gwari?

Na farko, tafiya. Yin rajistar NIN na farko kyauta ne, amma isa wurin na'urar ba kyauta ba ne. A ɗauki gurgu a wani ƙauye can wajen Randagi ko Kakangi. Ba zai hau babur shi kaɗai ba, sai da mai riƙe shi, kuɗin mutum biyu ke nan. In yana da keken guragu, ko dai a bar shi a gida ya yini yana rarrafe a gari, ko a ɗauki wani babur ɗin domin keken. Ya iso, a ce babu sabis, ko injin ba mai, a dawo gobe. Abin da mai ƙafa zai kira ɓata lokaci, shi a wurinsa kuɗin cefanen mako ne ya tafi.

Na biyu, yatsu. Ku dubi dattijon da ya sha maganin kuturta ya warke shekaru da dama, amma cutar ta tafi da kan yatsunsa. Ya zauna gaban na'ura, yaro ma'aikaci ya kama hannun ya ɗora a kan gilashi, ya danna, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya sake dannawa. Na'ura ta ƙi. Mutanen da ke layi suka fara tsaki. Dattijo ya janye hannunsa ya cusa cikin aljihu, ya tashi ya fita, bai ko tsaya tambaya ba. Wannan mutum ba zai sake dawowa ba sai an je an rarrashe shi, kuma ba na'ura ce ta kore shi ba, kunya ce. Haka wanda aka yanke wa hannu bayan harbi, haka tsohon manomin da fartanya ta shafe zanen yatsunsa.

Na uku, waya da suna. Mun tuna yadda aka rufe layukan waya a wannan yanki daga ƙarshen Satumban 2021 har kusan wata biyu saboda tsaro. Mutane da yawa sun gudu sun bar waya a ɗaki, wasu an ƙwace musu a hanya. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani, alhali shi ne a rubuce a rajista. Ga kuma saɓanin suna: a rajista Mamman, a NIN Muhammadu, a banki Mohammed, shekarar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Mutum ɗaya ne a wurin dagaci, mutum uku ne a wurin kwamfuta.

Na huɗu, ƙaura. Tun daga harin ƙauyen Gwaska na watan Mayun 2018, wanda ya ci rayuka da dama, har zuwa shekarun da suka biyo baya, ƙauyuka masu yawa da ke bakin dazukan Kamuku da Kuyambana sun watse. Wasu mutanen suka tare a cikin gari, wasu Kaduna, wasu Funtuwa. An rubuta mutum a wani ƙauye, masu tantancewa sun zo ba su same shi ba. Da aka yi sulhu da 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar Kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, jama'a suka soma komawa gida, sai wanda aka rubuta a gari ya koma ƙauye. Sannan akwai waɗanda lokacin da aka ɗauki sunaye lafiyarsu ƙalau, da gonarsu da shanun huɗarsu, ba wanda zai kira su talakawa. Yau ƙafa ɗaya gare su, shanun an kore, sunansu kuma ba ya cikin kowace takarda.

(KIƊA KAƊAN)

MAI GABATARWA: Akwai damuwa ta biyar, wadda ta fi sauran zurfi: da me ake auna cancanta? Ma'aunin talauci yana kallon rufin ɗaki da abin da aka mallaka. Ɗan gudun hijirar da ya kama hayar ɗaki mai rufin kwano a Magajin Gari zai iya fitowa a lissafi kamar ya fi na ƙauye hali, alhali bashin haya ya sha masa kai. Kuma gida biyu na iya samun kuɗi daidai wa daida, amma ɗaya yana sayen maganin farfaɗiya duk wata, yana gyaran keken guragu, ga yarinya an cire ta daga makaranta domin ta yi wa kakanta jagora. Nakasa tana da nata kuɗin da take ci, kuma duk ma'aunin da bai lissafa shi ba ya tauye mai ita.

Sannan ba kowace nakasa ido ke gani ba. Kurma yana tafiya garau. Matar da ta yi watanni a hannun 'yan bindiga ta dawo ba ta barci, ba ta iya shiga kasuwa, ƙarar babur kawai ta sa jikinta ɓari, ba ta da tabo ko ɗaya da za ta nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana da wata nakasa mai tasiri. Masu ƙididdiga suna da tambayoyi shida da ake amfani da su a ƙasashe da yawa: wahalar gani, wahalar ji, wahalar tafiya, wahalar tunawa ko tattara hankali, wahalar yi wa kai wanka da sa tufafi, da wahalar fahimtar magana ko fahimtar da wani. In mai ɗaukar bayanai ya yi muku irin waɗannan tambayoyi, don Allah a faɗi gaskiya. Mu Hausawa in an ce ya jiki, sai mu ce da sauƙi ko da muna kwance. Wannan ladabi ne a gaisuwa, amma a gaban mai rubutu asara ce. Baba, in ba ka iya kaiwa masallaci sai an riƙe ka, ka ce haka. Inna, in ba kya jin magana sai an ɗaga murya, ki ce haka. Kada a ƙara, kada a rage.

Wannan fargaba ba tamu ce mu kaɗai ba. A Birtaniya, a watan Maris na 2025, gwamnati ta kawo shawarar tsaurara sharuɗɗan tallafin masu nakasa da suke kira PIP, ta yadda sai mutum ya ci maki 4 a aƙalla ɗaya daga cikin ayyukan yau da kullum kafin ya samu kason da ya shafi hidimar kai. Masu karɓar tallafin suka tashi tsaye ta ƙungiyoyinsu, suka rinƙa kai wa 'yan majalisarsu bayanin abin da kowa zai rasa. 'Yan majalisa fiye da 120 na jam'iyyar da ke mulki suka juya wa shirin baya, a watan Yuli gwamnati ta janye wannan sashe har sai an sake nazari tare da masu nakasar kansu. Ƙasarsu daban, aljihunsu daban. Abin ɗauka a nan shi ne ba kuka kawai suka yi ba, sunaye da hujjoji suka kai inda ake yanke hukunci.

(KIƊA KAƊAN)

MAI GABATARWA: To, mene ne abin yi? A matso kusa da rediyo, wanda ke da biro ya rubuta.

Ɗaya. In ka taɓa yin NIN ka manta lambar, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi. In lambar banki ta BVN ce, danna *565*0#. Ana cire ɗan kuɗi kaɗan. Kowace lamba guda 11 ce. A rubuta a takarda, a sa a leda, a ajiye inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Biyu. A sa yaro mai karatu ya jera takardun ya duba ko sunan da shekarar haihuwar sun zo ɗaya. In da saɓani, a fara gyara tun yanzu, kada a bari sai ranar tantancewa.

Uku. Wanda ba shi da yatsu kada ya juya don na'ura ta ƙi. Ya nemi ganin shugaban wurin, ya ce a rubuta cewa yatsun babu, a ɗauki hoton fuska da sauran bayanai. Rashin yatsa ba ya cire mutum daga zama ɗan ƙasa. Kuma a tuna, doka ta ce a gabatar da mai nakasa a layi. Haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Huɗu. Dokar 2018 ta tanadi takardar shaidar nakasa, ta wucin gadi da ta dindindin. Matakin farko shi ne bayanin likita, don haka duk wanda ya je asibiti ya roƙi a rubuta masa lalurarsa, ya adana katinsa. Wanda kuma lafiyarsa ƙalau ya nemi wannan takarda ta hanyar ƙarya, laifi ya yi a gaban doka, kuma haƙƙin marasa ƙarfi ya hau kansa.

Biyar. Shiga rajista ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce kawo dubu biyu in sa sunanka, ko ya bugo waya ya ce daga Abuja yake, karanto mini lambar da aka turo maka, ɓarawo ne. Lambar sirrin katinka ko mai POS ba shi da hurumin saninta. Wanda ba ya gani, ya zaɓi mutum ɗaya amintacce, kuma ya sa wani na daban ya riƙa karanta masa saƙon banki.

Shida. In an tsallake ka, kada ka ce haka Allah ya so ka yi shiru. Shirin tallafin yana da jami'an karɓar koke a ƙaramar hukuma, akwai sashen jin daɗin jama'a a sakatariya, akwai hukumar masu nakasa ta jiha a Kaduna, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. A kai koke a rubuce, a riƙe kwafi. Kuma koken mutum hamsin a takarda ɗaya ya fi na mutum ɗaya saurin samun amsa. Nan ne aikin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta JONAPWD yake: kowace gunduma cikin gundumomi 11 na Birnin Gwari ta samu littafinta, suna, ƙauyen asali, inda ake zaune yanzu, irin lalura, da ko akwai NIN ko babu.

(KIƊA KAƊAN)

MAI GABATARWA: Saura mahukunta, kuma cikin girmamawa muke magana. A watan Yulin 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a Sabon Garin Zariya, gwamnatin jihar nan ta hana bara a tituna, a 2016 aka mai da hanin doka. Gwamnatin da ta ce wa makaho ya bar titi ta ɗauki alkawarin nuna masa wata hanyar, kuma alkawari ba ya tashi don an canja gwamna. Shirin da aka soma a jihar nan a 2023 na buɗe wa marasa asusu asusun banki mataki ne mai kyau. Abin da ya rage shi ne a kai na'ura inda mutum yake. Tunda hanya ta buɗe har manyan motoci suna zuwa ɗaukar masara da shanu, motar masu rajista ma za ta iya kaiwa Dogon Dawa da Kuyello ranar kasuwa. Kada a goge sunan kowa sai an sanar da shi dalili an ba shi lokacin gyara. A buɗe ƙofa ga waɗanda rikici ya nakasa bayan an rufe rajista. Duk kwamitin da zai tsara sabon sharaɗi, a sa masu nakasa a ciki tun daga zaman farko, har da mata, har da mai fassara wa kurame.

Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari na II, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, su sa baki a karɓi shaidarsu a matsayin madogara ga wanda takardunsa suka ƙone ko suka ɓata a gudu. Lamba tana hana mutum ɗaya karɓa sau biyu, wannan gaskiya ne. Amma lamba ba ta san wanda ya kwana da yunwa ba, mai unguwa ne ya sani. A haɗa biyun, kada a jefar da ɗaya don an samu ɗaya.

Ku kuma 'yan uwa da ke riƙe da katin wani ko wayar wani, ku ji tsoron Allah. Kuɗin da ya shigo da sunan gurgu na gurgu ne, a faɗa masa ko nawa ne, a bar shi ya ce ga abin da za a saya.

Aikin da muka bar wa kowane mai sauraro a wannan mako guda ɗaya ne: ka nemi mai nakasa ɗaya a unguwarku, ka tambaye shi ko yana da NIN, ko layinsa yana aiki, ko sunansa ya zo ɗaya a takardunsa. In da gyara, ka raka shi.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. A madadin duk waɗanda suka taimaka aka shirya shi, muke cewa Allah ya dawwamar da zaman lafiya a ƙasar Birnin Gwari, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)